Kyaftin Mai Korar Balbela

Aikinmu a filin jirgi korar tsuntsaye ne. Mai dariya ya yi, amma balbela guda in ta shige injin jirgi ta isa ta sa manyan mutane kiran sunan iyayensu. Don haka aka ba mu tsohuwar a-kori-kura mai jiniya, da bindigar da ba ta kisa sai ƙara, da rediyon oba-oba da muke jin hasumiyar filin da ita. Ni nake tuƙi. Mai tsayawa a bayan mota yana harbi kuwa, shi ne Kyaftin.

Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba. Mahaifiyarsa wanki da guga take yi wa ma'aikatan filin, shi ya sa ya girma a ƙarƙashin igiyar shanya cike da fararen rigunan matuƙa jirgi. Wata rana ta shigo ta tarar da shi ya zura ta wani, hannun rigar yana jan ƙasa. Ta zane shi tas, sannan ta ce, "To Kyaftin, tashi ka ɗebo mini ruwa." Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin aiki, har matarsa da shi take kiransa.

A ƙarshen filin akwai wata rumfar kwano da ake kira makarantar koyon tuƙin jirgi. Jirgi ɗaya gare su, ƙarami mai kujera biyu, ya girme ni a wahala. In ka bar wannan rumfa, babu wata sai ka ƙetare iyaka, kuma mai albashi irin namu ko kuɗin motar zuwa iyakar ba shi da shi. A wurin, awa ake saye kamar yadda ake sayen yadi. 'Ya'yan masu hali sukan sayi bandir guda, su tashi kullum, su gama cikin 'yan watanni. Kyaftin yakan ɗaure ciki wata da watanni ya sayi awa ɗaya. Kafin ya tara na wata awar, hannunsa ya manta abin da ya koya a ta baya. Sai a sake daga farko.

Na taɓa ce masa, "Kai yaro, ɗiban ruwa kake da kwando."

Ya ce, "Kawu, mai haƙuri yakan dafa dutse."

Na ce, "Na ji ana faɗa. Ban dai taɓa ganin wanda ya sha romon ba."

Bai yi fushi ba. Ba mai surutu ba ne, shi ya sa nake iya zama da shi a mota. Ranar hutunsa yakan ɗauki bokiti da tsumma ya je ya wanke musu jirgin, ya share rumfa, ya tura jirgin waje in za a tashi. Malamin tuƙi, wani tsoho mai furfura har a gira, yakan saka masa da ɗan zagaye a jirgin in ɗalibi bai zo ba. Haka aka yi ta tafiya shekaru, har ya yi aure, har 'yarsa ta fara magana.

Abin da kowane ɗalibi yake jira shi ne ranar da malami zai sauka daga jirgi ya ce, je ka kai kaɗai. Wata safiya Kyaftin ya shigo mota bakinsa ya ƙi rufuwa. Malam ya ce Asabar mai zuwa ce ranarsa.

Na ce, "Madalla. Ka yi shiru da bakinka sai ka sauka."

Bai ji ba. Mutumin da ya yi shekaru yana haɗiye magana, rana ɗaya ta ƙwace masa. Ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta gaya wa duk gidan da take kai guga. Surukinsa ya ce zai zo. Maƙwabta suka haɗa kai za su yi hayar mota. Tsohuwar ta ciro wata farar riga da wani matuƙi ya bar mata tun da daɗewa, ta rage mata hannu, ta sa mata sitaci, ta goge ta har tana iya tsayuwa da kanta.

Asabar da hantsi suka jeru a bayan shingen waya, daidai inda hanyar motarmu take bi zuwa ƙarshen titin jirgi. Na wuce na gaishe su. Tsohuwar tana zaune a kan kujerar roba, jikarta a cinya.

Ta ce, "Direba, yau ka rasa yaron mota ko?"

Na ce, "Mama, yau ni zan kore masa tsuntsaye."

Wanda ya kamata ya riƙe mini bindiga a madadin Kyaftin bai zo ba, wai ɗansa ba lafiya. Ban damu ba, da yake fili shiru ne. Na ƙarasa rumfar don in yi wa mutumina fatan alheri.

A bayan rumfa na same shi, tsakanin gangunan mai, yana tsaye cikin farar riga kamar wanda aka dasa. Malam yana gefe yana kallon takalmansa. Ba sai na tambaya ba, Malam ya faɗa. Awa ɗaya ta rage wa jirgin kafin doka ta sa a kwance injinsa a duba, kuma kayan gyaran sai an yi odarsu daga waje. Akwai wani ɗalibi da ubansa ya biya komai tun farko, shi ma ranarsa ta tashi shi kaɗai ta yi, kuma zai bar gari. Mai makaranta ya bugo waya ya ce a ba shi awar.

Malam ya ce, "Na yi magana. Ba ni da jirgi, ɗana. Baki kawai nake da shi."

Kyaftin ya ce, "Ba komai, Malam."

Shi da kansa ya kama fiffike ya taya su turo jirgin waje. Hannunsa ya saba. Sannan ya dawo bayan ganguna.

Jirgin ya yi gudu ya ɗaga. Daga can shinge muka jiyo tafi da ihu. Daga ƙasa ba a ganin fuskar wanda yake ciki, kai kawai ake hangowa. Na ji muryar surukinsa yana cewa, "Shi ne! Wallahi shi ne!" Yara suna tsalle suna kiran Kyaftin, Kyaftin. Shi kuwa ya tsuguna ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Na san abin da yake lissafawa, don ni ma na lissafa masa. In ya zauna a nan har jirgi ya sauka ya shigo rumfa, sai ya fita ta ƙofar gaba cikin farar rigarsa su rungume shi. Malam ba zai tona ba. Ni ma ba zan tona ba. Tsohuwa ta koma gida da abin da ta zo nema.

Sai oba-oba ta yi ƙara. Hasumiya ce: balbelu sun sauka a bakin titi, inda aka yanke ciyawa da safe, garke guda. An ce wa ɗalibin ya ci gaba da zagaye. Muka ji muryarsa yana amsawa, tana rawa. Yaro ne, kuma yau ne karon farko da babu kowa a kujerar gefensa.

Balbela ba a korarta da mutum ɗaya. In ka tsaya ka sauko ka harba, sai ta tashi ta sauka gaba kaɗan tana kallonka. Dole mota tana tafiya ana harbi, har a fitar da su bayan shinge. Kyaftin ya san haka, ni ma na sani. Duk da haka na ce, "Zauna abinka. Zan lallaɓa."

Na shiga mota na tada. Kafin in saka giya na ji bayanta ya yi nauyi. Na duba madubi, sai ga Kyaftin a tsaye ya ɗora rigar aiki mai ƙyalli a kan farar, bindiga a hannu.

Na ce, "Ta shinge za mu bi fa."

Ya ce, "Na san hanya, Kawu. Ja mu je."

Da muka doso mutanen da suke bayan shinge, hankalinsu yana sama. 'Yarsa ce ta fara ganinsa. Ta nuna da yatsa ta ce, "Ga Baba!" Kawuna suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Suka dube shi, suka dubi jirgin da yake zagaye, suka sake dubansa. Tafin ya mutu a hannu. Na taka mai iya ƙarfin motar, amma tsohuwar mota ce, ba ta san kunya ba, a hankali ta wuce da mu gabansu.

Muka kori balbelu. Ya yi harbinsa daidai, kamar kowace rana. Yaron ya sauka, ya yi tsalle sau biyu a kan titi, ya tsaya lafiya. Malam ya ruga ya rungume shi.

A dawowa Kyaftin ya buga rufin mota, na tsaya. Maƙwabta sun riga sun fara sulalewa zuwa motar haya, kowa ya ga abin kallo a ƙasa. Surukin yana ta danna waya. Kyaftin ya je jikin shinge ya durƙusa.

Ya ce, "Inna, ba ni ba ne a ciki."

Ta ce, "Na gani. Idona bai mutu ba tukuna."

Ta daɗe tana dubansa ta cikin wayar shinge. Sannan ta ce, "Ka ɓata wuyan rigar da hayaƙi. In ka taso ka kawo ta, kada ya kama." Ta miƙe, ta ba wani yaro kujerarta, ta ja hannun jikarta suka tafi.

Tun daga ranar 'yan unguwa suka daina ce masa Kyaftin. Ba wanda ya yi masa ba'a, da sun yi ma da ya fi sauƙi. Sai suka koma ce masa Baban Yarinya, cikin ladabi, kamar mai jinya. Ya canza hanyar zuwa aiki don kada ya bi ta gaban shagon surukinsa. Rigar kuwa an wanke, an goge, an mayar ƙasan akwati.

Na ɗauka ya bar rumfar ke nan. Ranar hutunsa ta gaba sai na hango shi da bokiti yana wanke jirgin da ba shi da inji. Na ja motata na wuce.

Gyaran ya ci watanni. Da aka gama, hannunsa ya sake mantawa, ya sake ɗaure ciki. Wata Talata da safe, babu kowa a shinge sai awaki, Malam ya buɗe ƙofa ya sauko ya bar shi a ciki. Rigar aikinsa ce a jikinsa. Na bi titin da jiniya daga farko har ƙarshe ko da yake babu tsuntsu ko ɗaya. Ya tashi, ya zagaya, ya sauka sumul, ya fi yaron can iya sauka. Ya taya aka tura jirgin rumfa, ya zo ya hau bayan mota.

Na leƙo na ce, "Yau sai gidan Inna da albishir."

Ya ce, "In ce mata me? Wancan karon ma ai cewa na yi."

Har yau bai gaya mata ba. Na ce bari ni in je in faɗa, tunda da idona na gani, ya ce in na yi haka in nemi wani mai riƙe mini bindiga. Awowin da suka rage masa kafin ya sami lasisi suna da yawa, kuma furfura ta fara leƙo masa a gemu. Jiya na wuce ta gidansu, tsohuwar tana shanya fararen rigunan mutane. Ta ce in gaishe mata da yaron motata. Na ce zai ji.