Mai Yajin da Ta Bar Cin Yaji

Duk wanda ya zauna unguwar Tandabawi a Makka ya san Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ba ta zama bayan cin abinci. Tana wanke hannu za ta miƙe ta hau zagaye unguwa, tana taunar 'ya'yan wani tsiro mai ƙamshi da ake kira shammar, ko a gidan biki ne ko a gidan makoki.

Tun zuwanta hajjin da ba ta koma gida ba, yaji take dakawa tana sayar wa alhazai, ita ce kuma babbar mai cinsa. Shekara da shekaru ƙwannafi yana ƙona mata ƙirji, tana cewa zafin Makka ne. Ba ta nemi magani ba sai da abin ya fara taso mata har maƙogwaro in ta yi sujada, dole ta riƙa ɗagowa da wuri. Wannan kam ya sa ta kuka.

Na raka ta unguwar Zahir, shagon wani dattijo Ba'indiye mai sayar da saiwoyi. Da guntun Larabcinsa da nata suka fahimci juna. Ya ba ta shammar da garin wani ɗan itace mai tsami da suke kira amla. Ya ce ta rage loma, ta bar gahawa, kada ta kwanta da cikakken ciki, ta ɗaga kan gadonta. Sannan ya zo kan yaji.

"Ai gara ka ce in bar shan ruwa," in ji ta.

Amma ta bari. Gadon ma ta sa aka yi masa tudu da bulo har ya wuce kima, da safe mukan tarar ta zamo wajen ƙafa. Daka kuwa ba ta fasa ba. Ni take kira in ɗanɗana, ta tsura mini ido. In na ce ya yi, sai ta ce, "Ƙarya kike, Binta, ban ga hawaye ba."

Ta samu sauƙi, ta koma doguwar sujadarta. Daga nan kowa ya shiga uku, mai ciwon gwiwa ma shammar take damƙa masa.

Bayan wasu shekaru loma ta fara tsaya mata a wuya, tana ta ramewa. Muka yi muka yi ta je asibiti, ta ƙi. Ba ta da takardar zama, tana tsoron a mayar da ita gida, ta mutu nesa da Harami. Sai ta koma wurin Ba'indiyen. Ya dube ta, ya ƙi auna mata komai.

"Hajiya, wannan ba nawa ba ne. Na likita ne."

Ta kira shi matsoraci a gaban mutane. Washegari da kanta ta ce in samo mota.

Likita ya ce mun makara. Ba wanda ya kore ta. A ɗakinta ta cika, hannunta cikin nawa, aka kuma sallace ta a Harami bayan la'asar.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta.