Ranar da Haladu Ya Mai da Gamba

A wani ƙauye gefen hanyar Malumfashi akwai wani manomi, Haladu, wanda kowa ya sani da ƙatuwar murya da ƙin gaggawa. Tun yana saurayi shi ke jan waƙa a majami'a, kuma shi ke shigowa ƙarshe. In ya tafi Funtuwa sayo taki sai ya dawo da labari, takin kuma sai wata kasuwar. Matarsa Tasalla takan ce ko gobara ta tashi sai ya gama suɗe kwanonsa.

Ba rago ba ne dai. Hannunsa na da albarka a dawa, kuma ba a yin gayya a garin babu shi.

Gonarsa ta yi iyaka da ta Malam Isah, Musulmi, abokinsa tun suna kiwon awaki. Layin gamba ne ya raba su. To, duk shekara lokacin huɗa, Haladu kan tumɓuke ciyawar nan ya dasa ta gaba kaɗan, shanunsa su ƙara masa kunya ɗaya daga gonar Isah. Kullum yana ce wa kansa baɗi zai gyara.

Wata Lahadi, dawa ta nuna ana shirin yanka, Fasto ya yi wa'azi kan ranar da Yesu Almasihu zai dawo ya yi wa duniya shari'a. Ya ce, "Ranar nan ba a raba goron gayyata. Ba za a ce ka je gida ka sake riga ba. Inda aka same ka, nan za a tambaye ka. Mai tuba ya tuba yau."

Haladu ya tambayi kansa, shi ina za a same shi? A gona mana. Ya ga kansa tsaye tsakiyar kunyoyin nan, lauje a hannu, Ubangiji na dubansa. Ana tashi ya fice, ko gaisawa bai tsaya yi ba.

Tasalla ta biyo shi tana haki. "Baban Hannatu, lafiya? Tuwon fa?"

"Ajiye shi."

Ta tsaya ta riƙe baki. Shekara talatin ba ta taɓa jin wannan ba.

Ya sami Isah gindin darbejiya yana tufka igiya. Ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara, ya ce, "Malam Isah, na ci amanarka. Kunyoyi bakwai na cinye maka. Ka yafe mini."

Isah bai ɗago ba. "Takwas dai. Ka manta shekarar da na kwanta ciwon ƙafa?"

"Au! Ka sani, ka yi shiru?"

"Ina da ido, tsohon kwaɗayayye. Gamba ce ke tafiya da ƙafarta? Cewa na yi in bar ka da Allah." Sai ya fashe da dariya. "Tashi, na yafe. Gobe in Allah ya kai mu sai mu je mu gyara."

"Gobe? Wa ya ba ka goben? Ɗauko fartanya!"

Cikin ranar nan tsaka suka tafi, Haladu da rigar majami'arsa, suka mai da gamba inda kakanninsu suka dasa ta, Isah na zaune a inuwa yana nuna masa da sanda.

Saura dawar da ke kan kunyoyin. Isah ya ce su raba, tunda Haladu ne ya noma. Haladu ya ƙi. Da aka yanka ya ɗaure ta dami goma sha ɗaya, ya riƙa ɗauka a ka ɗaya bayan ɗaya, ta tsakiyar gari, zuwa rumbun Isah.

A bakin rijiya wata tsohuwa ta tare shi. "Haladu, sadaka ce haka?"

Ya gyara damin, ya ce, "A'a, Iya. Kayan Isah ne na sata, nake mayarwa. Matsa in wuce, da saura huɗu."