Ban samu na wanke Sagir ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni: Malam Sagir ya rasu a asibiti. Korona.

Ni da na shigo Malesiya da jaka ɗaya, na kafa shagon abinci a unguwar Chow Kit ba wanda ya tsaya mini, yau waya ma da ƙyar nake riƙewa.

Ga wanda bai san shi ba, Sagir ɗalibin PhD ne a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. Bincikensa a kan tsakiyar gilashi ne, ƙananan duwatsun ado da aka tono a tsofaffin kaburburan Koriya. Zai sa ƙwaya ɗaya a na'ura, ta nuna masa irin yashi da gishirin da aka narka aka yi ta, har ya gane wasu ma daga Indiya jiragen ruwa suka kai su.

Kullum sai na tsokane shi: "Gwamnati ta turo ka karatu, ka ɓige da jigidar matattu?"

Sai ya ce, "Alhaji, ƙara mini miya dai."

Da aka yi kullen korona, shi ya riƙa kai mini odar abinci unguwar Danau Kota a babur ɗinsa. Shi ke koya wa 'yata Ummi lissafi ta waya.

Ganinmu na ƙarshe, ya tsaya a ƙofar shago da takunkumi, ya nuna mini hoton wata shuɗiyar tsakiya. Ya ce, "Wani ne fa ya zauna ya ɗaura wa mamacinsa wannan da hannunsa. Nasu ne suka binne su."

Ya san ni nake wanke mazanmu in sun rasu a nan. Ya ce, "In na riga ka, kai za ka wanke ni. Kar ka bar ni a hannun baƙi."

Na ce, "Boleh," wato "ba matsala" da yaren ƙasar nan, ina dariya.

Yau na roƙi asibiti ta waya su bar ni in wanke shi, har na gaji. An ce ba mai taɓa shi. A kan leda aka yi masa taimama, baƙi suka sa shi a kabari.

Tun jiya maƙogwarona yake ƙaiƙayi. Na yi gwaji, sakamako bai fito ba. Na kulle kaina a ɗaki, Ummi na ajiye abinci a bakin ƙofa tana tambaya ko Baba ya yi fushi ne.

Wallahi tsoro nake ji.

Allah Ka gafarta wa Sagir, Ka karɓi taimamar nan a madadin wankan da na yi masa alkawari. Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a. Ku sa da ni.