Bindigar da Na Naɗe a Cikin Kafet ɗin Surukina

Ko da zan manta komai na zamana a Riyadh, ba zan manta wayar da maigidana ya yi min ranar da ya kai mahaifinsa filin jirgi ba. Ina durƙushe a kicin ina kankare tukunya wayar ta yi ƙara, na ɗauka da jiƙaƙƙen hannu. Bai yi min sallama ba. Nan na san ba lafiya ba, domin mutum ne da ko daga bakin titi ya kira ni in buɗe ƙofa, sai ya fara da sallama. Cewa kawai ya yi, "Ke, me ke cikin kafet ɗin Baba?" A bayan muryarsa ina jin maza suna magana da Larabci, irin maganar da ba ta hira ba ce, ba ta ciniki ba.

Na ce, "Tsaraba ce."

"Wace irin tsaraba?"

Da na faɗa masa, sai ya yi salati a hankali, kamar mai tsoron a ji shi. Daga nan layin ya katse.

Bari in koma baya kaɗan. Baba, wato surukina, tsohon soja ne. Ya zo Umara a shekarar, ya gama, sai ya biyo ta wurinmu a unguwar Ulaisha ya yi 'yan makonni. Gidan ɗaki biyu ne da falo, saboda haka kusan a kicin na yi zaman. In na kai masa abinci, daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, idona a ƙasa, in juya. Shi kuma ya ce, "Allah ya yi albarka, 'yar nan." Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan. Haka aka tarbiyyantar da ni, kuma har ga Allah ina ganin ina yin daidai.

Abu ɗaya na sani game da shi, shi ne wani hoto da ke cikin wayar maigidana. Baba ne yana saurayi, siriri, cikin kaki, ya rataya wata doguwar bindiga mai gindin katako. Duk baƙon da ya zo sai maigidana ya nuna masa, yana cewa, "Ka ga tsohon nan da yake tafiya a hankali? To ga shi nan a zamaninsa." Baba ba ya cewa komai, sai dai ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin jin daɗi.

Da tafiyarsa ta matso, kowa ya fara kawo tsaraba, kuma duk iri ɗaya: jallabiya, dabino, turare, carbi a kan carbi. Ni ina son in yi abin da zai bambanta. 'Yan kuɗin da na tara daga yi wa mata lalle ba su da yawa, amma na ƙudurta sai na samo masa irin bindigar nan ta hoton, ta ado, ya rataye a falonsa inda tsofaffin abokan aikinsa ke zama.

Maƙwabciyata ce ta raka ni kasuwar Utaiqa. Bahaushiya ce amma a nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta. Muka shiga wani shagon tsofaffin kaya, ga butocin gahawa, ga takubba, ga tsofaffin rediyoyi, ga bindigogi rataye a bango. Ta farko da mai shagon ya sauko da ita doguwa ce siririya, an yi mata zanen azurfa. Kyakkyawa ce, amma ta fi kama da ta mahayan raƙumi, ba ta soja ba, kuma da ya faɗi kuɗinta maƙwabciyata ta ce masa mu ba mota muka zo saye ba. Ta biyu baƙa ce irin ta zamani, mai araha, sai dai da na ɗaga ta na ji sakayau, roba ce. Na ce in na ba dattijo wannan, kamar na raina shi ne, ai kayan wasan yara ce. Can a kusurwa na hango ta uku. Gindinta katako ne, da maratayi na fata, ƙarfen ya dushe. Na fito da hoton da na tura wa kaina daga wayar maigida, na kara. Ita ce, ko kuma 'yar uwarta.

Mai shagon ya sa yatsa a bakinta ya nuna mana a toshe yake, ya ja kunamar ba ta motsa ba. "Zina, zina bas," yake ta maimaitawa, wato ado ce kawai. Akwai ɗan tsagu a katakon, da shi maƙwabciyata ta riƙe masa wuya har ya sauko daidai abin da ke jakata. Kafin a naɗe min, na ɗauki hotonta a jikin bango tare da butocin, don in riƙa kallo.

A hanya take tsokanata. "Wallah ke kin iya neman fada. Ni surukina ko asuwaki na kai masa sai ya tambayi nawa na saya." Muka yi dariya. Da za mu rabu ta ce, "Amma fa ki gaya wa mijinki."

Na ce zan gaya masa. Ban gaya masa ba, kuma ina da dalilina. Maigidana ba ya iya riƙe magana. Yana ji zai kai wa Baba, Baba kuma zai ce a kira ni ya yi godiya, in tsaya a gabansa ana yaba ni. Wannan tsayuwar ita nake gudu. A gidanmu ba a miƙa wa suruki kyauta hannu da hannu. Saka masa ake yi a cikin kaya, sai ya isa gida ya gani, ya aiko da godiya ta bakin wani. Haka na ga mahaifiyata tana yi da turmin shadda ko kwalbar zuma. Baba ya sayi wani babban kafet, an naɗe an ɗaure da salatif, yana jingine a falo. Ranar Juma'a da suka tafi masallaci na kwance shi, na naɗe bindigar a wani tsohon zanena mai ruwan ganye, na kwantar da ita a tsakiya, na mayar da naɗin yadda yake. Har ina yaba wa kaina.

Mutane suna tambayata, yaya aka yi ban tuna da na'urar duba kaya ba? Na gama sakandare, ni ma ta cikin na'urar nan kayana suka bi da zan zo. Amsar da nake da ita ɗaya ce: a kaina abin nan ba bindiga ba ce, tsaraba ce.

To, bayan layin ya katse na sake kira, ba a ɗauka ba. Na zura abaya a kan rigar aiki, na buga wa maƙwabciyata ƙofa. Tana ganin fuskata ta ce, "Ba ki gaya masa ba ko?" Ta ɗauko jakarta muka tari tasi.

Hanyar filin jirgi doguwa ce, kuma ban ga komai a kanta ba. Lissafi nake yi. Maigidana direban babbar mota ne a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu. Iƙamarsa, wato takardar zama, a hannun kafilinsa take rataye, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, tawa kuma a jikin tasa. Kafili ba ya son ko sunan 'yan sanda a kusa da ma'aikacinsa. In aka rubuta wa maigida laifin makami, ƙarshenta a tasa ƙeyarmu gida, in ma ba a fara da kurkuku ba. Ƙannensa da ke makaranta da mahaifiyarsa duk daga motar nan suke ci. Ga dattijo da ya zo ibada, yana tsare saboda ni.

Mun tarar da maigidana a tsaye a wani lungu, a bakin wata rufaffiyar ƙofa. Bai yi min faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya gaya min yadda aka yi. Da kafet ɗin ya shiga na'ura, sai aka tambayi Baba me ke ciki. Ya ce kafet ne kawai, shi ya saya, a gabansa aka ɗaure, har da rantsuwa. Aka yanke salatif, aka baza, sai ga abu. Baba ya tsaya yana kallon zanen da aka naɗe ta da shi. Ya sha ganinsa a jikina ina shara. Sai ya ɗago ya ce, "Tawa ce. Mantawa na yi."

"Kin ga yanzu magana biyu ya yi musu," in ji maigidana. "Kuma da suka tambayi aikinsa ya ce tsohon soja ne. Sun ƙi yarda soja zai manta da bindiga a kayansa." Sannan ya ce, "Baba ya ce in gaya miki kada ki zo. Ya ce kada wanda ya ambace ki."

Ba zan ɓoye ba, na so in bi umarnin. Ƙofar fita tana bayana. Amma na ce wa maƙwabciyata ta gaya wa mai gadin ƙofar cewa ga wadda ta sa abin ta zo.

Ɗakin ƙarami ne, sanyin na'ura ya yi yawa. Bindigar tana kan tebur, a kan zanena. Jami'i ɗaya yana zaune yana rubutu, wani yana tsaye. Baba yana kan kujera, bayansa a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa. Yana ganina ya ce, "Wa ya ce ki zo? Juya ki koma gida." Ban taɓa jin wannan muryar tasa ba, ina jin ita ce ta bariki. Ranar ce na fara kallon fuskarsa sosai, kuma ranar ce na fara ƙin bin maganarsa.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ni ce."

Na faɗi komai, maƙwabciyata tana fassarawa. Na nuna hoton bindigar a bangon shago, na nuna hoton Baba cikin kaki. Jami'in ya daɗe yana duba su. Sai ya yi tambayar da ta fi kowace wuya: in kyauta ce, me ya sa na ɓoye? Na ce kunya. Maƙwabciyata ta yi ta kewaye-kewaye tana neman yadda za ta bayyana masa cewa mace ba ta miƙa wa uban mijinta abu. Ya saurara har ta gama, sannan ya faɗi wata gajeriyar magana. Ta ƙi fassara min. Na ce ta faɗa min.

"Wai ya ce, kin ji kunyar ba shi a hannu, amma ga shi kin sa an zaunar da shi a nan."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Har yau ban samo amsarta ba.

Daga nan sai jira. Wata jami'a ta kai ni wani ɗaki ta duba ni, ta karɓi iƙamata. Aka karɓi ta maigida da fasfon Baba. Jirginsa ya tashi muna zaune. Na yi azahar a kusurwa, ban san me na karanta ba. Wani mutum ya zo ya haska bakin bindigar da tocila, ya jijjiga ta, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya fita bai kalli kowa ba. Aka yi ta waya. Duk sanda ƙofa ta buɗe sai mu ɗago gaba ɗaya.

Bayan la'asar jami'in ya dawo da takardunmu a hannu. Ya ajiye su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Halas." Maƙwabciyata ta kama hannuna ta ce, "Ya ce shi ke nan. Sun tabbatar ta ado ce. Ba abin da za a rubuta a kanku, ba za a kira kafili ba. Bindigar dai za ta zauna a nan."

Baba ne ya fara miƙewa. Ya ɗauki zanena daga kan tebur, ya ninke shi tsaf, ya miƙo min hannu da hannu. Ya ce, "Duk shekarun da na yi ina riƙe da mai harbi ba a taɓa tsare ni ba, sai yau a kan wadda ba ta harbi." Maigidana ya yi wata 'yar dariyar wahala. Sai Baba ya sassauta murya ya ce, "'Yar nan, na gode da niyyarki. Amma ranar da na bar aikin soja na mayar musu da tawa, sujada na yi. Da kin tambaye ni, da na ce miki filas ɗin shayi."

Shekaru sun wuce, amma har yanzu in wani ya kira ni bai fara da sallama ba, sai na nemi wurin zama. Abin da na koya bai da yawa. Kunyar da za ta hana ka tambayar mutum abin da yake so, ta kuma hana ka gaya masa abin da ka ɗora masa, ba girmamawa ba ce, kanka kawai kake kārewa. Ni sai da na zauna a ɗakin nan, surukina yana ƙoƙarin ɗaukar laifina, sannan na gane.