Yaya Ta Koya wa Alƙali Jarrabawar Asibiti

Yayata ɗinki take yi a ɗaki ɗaya, keke a bakin taga, ƙyallaye har ƙarƙashin gado. Tana da ciki wata biyar aka gano ƙwayar cutar nan da ba a son ambata a jininta. Ta sha magani kullum ba fashi, jaririn ma aka ɗura masa nasa. Ya fito jininsa tsaf. Mijinta kuwa ya fita sayo katin waya, har yau layin bai zo kansa ba.

Yaron ni na laƙaba masa Alƙali, don ko sunansa ka tambaya sai ya yi zaman shari'a kafin ya amsa. Shekararsa takwas, ba ya haɗa kalma huɗu. Burin Yaya a duniya ya yi magana kamar 'ya'yan mutane.

Duk shekara asibiti na kiran yaran da aka sha maganin da cikinsu, a ba su 'yan katakai su jera, a nuna hotuna su faɗi sunayensu. Yaya ta tambayi likita ko maganin ne ya taɓa masa kai. Ya ce ba wanda ya sani tukuna, binciken ke nan. Ita ta riga ta yanke wa kanta hukunci: "Da hannuna na haɗiya."

Bara ta zauna gefe ta haddace komai. Ta zana hotunan a kwali, na yanka mata katakai. Wata goma sha ɗaya, ƙafa na taka keke, baki na "Wannan fa?"

Na ce, "Yaya, satar amsa har a asibiti? Ni da aka kora daga aji uku ban kai nan ba."

"Rufe min baki! Ba za a rubuta ɗana daƙiƙi ba."

Bana Alƙali ya cinye jarrabawar tas. Ashe da sakamakon za a zaɓi yaran da malamar koyar da magana za ta ɗauka. Aka ce shi ba ya bukata.

Na raka Yaya asibiti ta faɗi gaskiya. Ta tura shi gaban nas.

"Don Allah, 'yar'uwa, tambaye shi wani abu daban."

Nas ta tambaye shi inda gidansu yake. Ya zuba mata ido.

"Na gani," in ji ta. "Amma aji ya cika, baɗi kuma ya wuce shekarun."

Muka tako gida a ƙasa. Na laluba abin da zan faɗa ta yi dariya, ban samu ba.