Kiɗan da Malam Ya Bar Min a Faifai

Da me Malam ya yi kiɗan nan? A watan da muke ciki maigidana ya cika shekara goma sha biyar da rasuwa, kuma har yau ba ni da amsa. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne, autata Falmata tana rubutawa, na kuma ce mata ko ta ga ina kuka kada ta ajiye biro.

Mutanen Gwange sun san Malam da gyaran rediyo da talabijin. Shagonsa a jikin gidanmu yake, bango ɗaya ya raba mu. Da gyaran rediyo ya ja baya, sai ya sayo akwatunan wasan da ake haɗawa da talabijin, waɗanda ake ce wa gem, ya jera benci, 'yan unguwa suna zuwa. A cikin wasannin akwai wani tsoho da kowa ya gaji da shi, wani ɗan mutum ne yake tafiya yana tsallake ramuka. Malam ba ya buga shi. Kunnawa kawai yake yi, ya bar ɗan mutumin a tsaye don ya ji kiɗan. Kiɗa ne siriri kamar sarewar kara, a ƙarƙashinsa wani abu yana bugawa kamar ana daka a maƙwabta. Ina tankaɗe ina jinsa, ina wanki ina jinsa, har na haddace shi ba da niyya ba.

Wata rana na tambaye shi wane makaɗi ne wannan da ba ya gajiya.

Ya ce, "Yagana, babu makaɗi. Ba ganga, ba algaita. Rubuta shi aka yi."

Na ce, "Kiɗan ake rubutawa? Kamar laya?"

Ya yi dariya har ya ajiye kayan aikinsa. Ya ce, "Kusan haka. Alƙalamin da aka rubuta shi da shi nake nema."

Daga baya na ji sunan alƙalamin wai manhaja, abin da ake zubawa cikin kwamfuta. Shekaru ya yi yana nema. Duk ɗalibin jami'ar da ya kawo gyara sai ya tsare shi da tambaya. Ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya riƙa zuwa gidan intanet yana dawowa da faya-fayan sidi, kowanne ya yi masa rubutu da jan alƙalami. Wata rana da hantsi ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce ya samu. Tun daga nan ya riƙa zaunar da ni in rera masa waƙar da kakata take yi mana da Kanuri idan tana niƙa. In yi baiti ɗaya ya ce tsaya, ya danna wasu abubuwa, ya ce sake. Wai zai sa waƙar ta fito da muryar wasan nan. Amma da abin sauraron da ake maƙalawa a kunne yake ji, ya hana ni ji, ya ce ba a ɗanɗana wa baƙo miya tana kan wuta.

Sai Allah ya karɓi abinsa kwatsam, ba jinya. A hanyar Kasuwar Litinin ya faɗi.

Ga inda nawa laifin yake, kuma ina so a rubuta shi yadda yake. Da aka raba gado, kwamfutar ta tafi gidan 'yan'uwansa, can ta lalace, 'yan gwangwan suka ɗauka. Faya-fayan kuwa ba wanda ya kula su, suna nan cike da kwali. Bayan na fita takaba, yayana da yake noma a Dusuman ya zo yana kukan tsuntsaye sun dami geronsa. Manoma suna ɗaura tsofaffin faya-fayai a zare su rataya a gona, iska na juya su rana na haskawa, tsuntsu ya tsorata. Ya ga kwalin ya roƙa. Na ce ya kwashe duka, Allah ya kai ladan kabarin Malam. A raina sadaka na yi masa. Rubutun da ke kansu a idona kamar sawun kaza ne. Guda ɗaya kawai na riƙe, shi ma don na same shi naɗe cikin hankici a ƙarƙashin hulunansa. Falmata tana makarantar kwana a lokacin, da ta karanta min. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai bara na nuna mata faifan. Ta duba ta ce an rubuta "Na Yagana". Muka kai wa Bitrus, ɗan tsofaffin maƙwabtanmu mutanen kudancin Borno, wanda ya girma a bencin shagon Malam, yanzu har furfura ta fito masa a gemu, yana gyaran kwamfuta. Ya ce faifan lafiyarsa ƙalau, abin yana ciki, amma ba sauti ba ne. Umarni ne a rubuce, sai manhajar da ta rubuta shi ce za ta iya karanta shi.

Ya ce, "Mama, ina sauran faya-fayan Baba? Ai manhajar tana cikin ɗayansu, da sunanta a jiki."

Na gaya masa. Ya shafa kai, ya ce, "To, tsuntsayen Dusuman sun riga mu karantawa." Ya yi nufin ya ba ni dariya, na kuwa yi, amma a cikin keke napep na yi kuka har gida.

Mun je Dusuman. Yayana ya rasu, ɗansa ya nuna mana guda biyu a maƙale jikin rumbu, rana ta cinye rubutun, sun tsage.

Bitrus ya ce akwai wata hanya: in an gano wasan, za a iya gano abin da aka yi kiɗansa da shi. Shi kansa ya manta sunan wasan. Sai ya kara min waya a baki, ni tsohuwa da haƙora huɗu, na yi masa kiɗan da hanci. Ya aika wa wasu mutane a intanet, wai aikinsu ke nan, tonon kiɗan tsofaffin wasanni. Ban san a duniya Malam yana da dangi irin waɗannan ba. Kwana biyu suka faɗi sunan wasan. Na ɗauka magana ta ƙare, har na sa aka dafa shayi.

Ashe nan ta fara. Wani ya ce manhaja kaza ce. Wani ya ce a'a, masu wasan su suka ƙera tasu, ba ta taɓa fita daga hannunsu ba, don haka Malam bai isa ya same ta ba. Na uku ya ce wataƙila wata ya samu mai kwaikwayonta, irinsu kuma suna da yawa. Bitrus ya gwada huɗu. Uku suka ƙi buɗewa. Ta huɗun ta buɗe, sai ga ƙara kamar kwaɗi a damina, a tsakiya na ji wani abu kamar farkon waƙar kakata, ko kuwa kunnena ne ya so ya ji. Yanzu ban ma sani ba: Malam ya samu abin da ya nema, ko wani abu ya samu ya yi farin ciki da shi har ya mutu? In kuskure ya yi, gara da bai sani ba. In kuwa daidai ya yi, to wani mai gyaran rediyo a Gwange ya san abin da ya gagari masana, ni kuma na rataye shi a gonar gero.

Ina yawan tunanin me zai ce da wannan zamani. Falmata ta nuna min yanzu waya ma tana yin kiɗa in ka gaya mata. Ta sa na rera waƙar, wayar ta mayar da ita muryar gem kafin shayi ya huce. Ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ce ta kashe. Wannan bai zaunar da ni yana cewa sake ba. Malam kuwa ban san ko murna zai yi ba, ko ya ga an mayar da wahalarsa wasa.

Shagon yanzu ana sayar da katin waya a ciki. Bencin mun hura wuta da shi. Abin da ya rage rediyoyin da ya gyara ne, wasu har yau suna magana a gidajen unguwa, da Bitrus da ya gaji haƙurinsa, da faifai ɗaya mai sunana wanda ban iya karantawa ba, ban kuma iya ji ba. In akwai wanda ya taɓa zama da shi a lokacin yana ɗalibi, ya tuna sunan abin da ya samu, ya taimaki tsohuwa. Kunnena na hagu ya riga ya tafi, na dama ma ya fara sallama.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. A safiyar da zai fita yana gyara hula a bakin ƙofa, ya waiwayo ya ce min, "Yagana, na gama miki. Amma wannan lasifikar tana cin murya, ba za ki ji da ita ba. Bari in je kasuwa in samo mai kyau, yanzu zan dawo ki ji."