Yadda Aka Ƙwace Mini Akushin Kakana

Kakana shi ne dagacin ƙauyenmu, can gefen Dingaya, kuma tun da na yi wayo ragowar akushinsa tawa ce. Har kajin gidanmu sun san wannan doka. Haƙoran tsohon sun daɗe da guduwa, saboda haka duk naman da ya gagare shi ni yake jira a gindin miya. Da shi na ajiye wuya.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar lafiya ta zo daga Birnin Kudu, wata doguwar Kirista da kowa ke ce wa Sista. Ta tara masu unguwanni da limamai da wanzamai a zaurenmu, ta yi musu bayanin cutar da ke karya garkuwar jiki, wadda a garinmu ko sunanta ba a faɗa sai an tofar da yawu. Ta ce ba a ɗaukar ta a kwano ko moɗa ko gaisawa, kuma akwai maganin da mutum zai riƙa sha ya yi rayuwarsa.

"Baba, ni in na faɗa ba za su yarda ba," ta ce wa kakana. "Sai sun gani a wajenka."

Akwai ɗan maƙerin garinmu, sa'ana ne. Cutar ta ɗauke ubansa, ta ɗauke uwarsa, shi kuma da ita aka haife shi. Gwaggonsa ta ware masa kwano da moɗa a kan danga. A makaranta benci guda nasa ne shi kaɗai, mu kuwa muna matse kamar kifin gwangwani.

Washegari tsoho ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, inda kowa zai gani, ya aika aka kira yaron.

"Wanke hannu mu ci."

Ina tsaye cinyar kaza ta tashi daga akushi, ta wuce ni ko sallama babu, ta sauka a hannun ɗan maƙeri. Suka suɗe akushin har yana ƙyalli.

"Tsoho, wannan cin amana ne," na ce.

"Tafi can, ɓarawon nama. Wuyanka ya kai na bajimin sa. Bar wani ma ya yi."

Haka aka yi ta yi kullum, ni kuwa aka haɗa ni da ƙannena a miyar kuka wadda ko ƙuda ba ya sauka a kanta. Innata ta ja mini kunne: in na kusanci akushin nan sai ta ɓalla ni. Abin haushin ma, gari bai ko motsa ba. A teburin mai shayi cewa ake yi, "Dagaci ai ya ci zamaninsa. Ko ya ɗauka, me ya rage masa?"

Ran wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, mutane suka cika ƙofar gida don gaisuwa. Aka fito da tuwon shinkafa da miyar taushe, da zabo. Zabo fa! Ƙamshin ya shiga hancina ya fito ta kunne. Na ga tsoho ya tsamo ƙundu, abin da duk duniya ta san nawa ne, ya nufi yaron da shi. Ban san lokacin da na tsallake takalman mutane na zunduma hannu a miya har wuyan hannu ba.

"Ko bismillah babu, maye?" in ji tsoho.

Ɗan maƙeri ya tuntsire da dariya, ya raba ƙundun ya miƙo mini rabi. Na karɓa na haɗiye, ina harararsa, don ba na son alherin da aka yi mini da kayana. Jama'a suka ɗauki salati. Jikan dagaci, lafiyayye, hannu cikin kwano ɗaya da yaron, har da karɓar loma.

Ranar Inna ta dirje ni da sabulun salo da toka har na kusa komawa Balarabe. Daga nan gari ya zuba mini ido. Tsofaffin mata su tare ni a hanyar rijiya, su juya ni kamar ragon layya, su ce, "Bai rame ba tukuna?" Ni kuwa tunda Inna ta gaji ta sallama, kullum ina bakin akushi, sai ƙara ƙiba nake yi.

Da kaka ta yi, gwaggon ta sauke kwanon daga danga. Liman ya turo ɗansa cin tuwo, wanzami ma ya turo nasa. Sista ta dawo ta yi ta yabon kakana, ta dafa kan ɗan maƙeri ta ce jarumi ne. Ni da na sa wuyana a caca, cewa ta yi in matsa in ba ta hanya.

Yanzu akushin nan hannu a cikinsa ya fi tuwo yawa. Kafin ma mu zauna tsoho ya tsame naman ya ajiye a gaban ɗan maƙeri, wai shi mai shan magani ne, yana buƙatar ƙarfi. Na dafe ciki na ce ni ma kwana biyu ba na jin daɗin jikina.

"Ayya, abokina," in ji tsoho. Ya sa aka jiƙa mini maɗaci.